Tankin sola na ruwan zafi ko ƙarin batir? A ba ni shawara

Baban Walid: Salamu alaikum. Ginina a Rikkos ya kai linta, ina so in yanke shawara kafin a yi rufi. Mu bakwai ne, har da Hajiyarmu da sanyin Jos ke tayar mata da ciwon ƙafa. In sa tankin sola mai bututun gilashi, lita 200, ko in ƙara fanel da batir in riƙa kunna hita? Kuma sola za ta iya ɗumama ɗakin Hajiya? Ruwan burtsatse ne.

Ɗan Terminus: Batirin lithium kawai, Alhaji. An daina yayin batirin tubula.

Injiniya Bukuru: Ba abin da ya tambaya ke nan ba. Kafin lita 200 ta tashi daga digiri 15 zuwa 55, sai ta sha wuta sama da kWh 9 (yunit 9 na mita). Batirin kWh 5 ko wankan asuba ba zai kai ku ba. Ka sa tankin, ya fuskanci kudu. Ka gaya wa kafinta tun yanzu, don in ya cika ya haura kilo 250.

Maman Hanifa: Hmm. Yallaɓai, ni dai kar in ji kar in gani. Mun sa namu a Unguwar Rogo, mai aikin ya rantse har jikoki za su mora. Watan Agusta na zuwa, hadari kullum, ruwan ko na alwala bai yi ɗumi ba. Da rani tankin sama ya ƙare, na solar ya bushe cikin rana, yara suka kunna famfo da azahar, bututu uku suka fashe nan take. Daga baya ya fara yoyo, silin ɗin uwar ɗakina ya rufto kan akwatunan lefen ƙanwata. Mutumin nan har yau wayarsa a kashe. Allah ya isa!

Sadiq_JS: Nawa kuka saya, Hajiya? An ce mini dubu 650.

Maman Hanifa: Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, har da aiki.

Ɗan Terminus: Kai! An yanke ku. Ƙanina a Kano ya kawo wa wani a dubu 480.

Injiniya Bukuru: Na dubu 480 ɗin ba iri ɗaya ba ne da na Hajiya. Matsalar Hajiya kuwa ta mai haɗawa ce. Ba a zuba ruwan sanyi a bututun da ya gasu.

Maman Hanifa: Ku masu sayarwa kullum laifin wani ne. Wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Injiniya Bukuru: Ni ba na sayar da komai, Hajiya.

Kawu Bala: Tukunya lamba 20 da itacen ɗari biyar. Ba ta taɓa neman garanti ba 😂

Ummu Aisha: Kawu, wasa a gefe, don Allah kar a kwana da kaskon gawayi a ɗakin tsohuwa a rufe. Hayaƙin da ba a gani shi ke kisa.

Baban Walid: Na gode. To maganar ɗumama ɗakin fa, da ruwan burtsatsen?

Sadiq_JS: Duk wahalar nan ai rashin wuta ne. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar Band A (rukunin da aka fi ba wuta) naira 225 kowane yunit, aka ce awa 20 a rana. Wa ya gani?

Kawu Bala: Mu taransifomarmu wata biyu a ƙone, jiya kuma aka kawo bil. Har karo-karo muka yi, mai tara kuɗin ya ce a ƙaro.

Ɗan Terminus: Nawa-nawa kuka ba da kowane gida?