Wace kalma za mu ba "credit" na jami'a?

Jama'a, ku taimaka min. Ina rubuta labarin 'yan wasan jami'o'in Amurka, sai na cije a kan "credit transfer", wato ƙirga wa ɗalibi kwasa-kwasan da ya riga ya yi idan ya sauya jami'a.

Ga inda abin ya taso. A 2023 ɗan ƙwallon kwando Caleb Love ya bar jami'ar North Carolina, ya ce Michigan zai koma. Koci yana so, yaro yana so, amma magana ta tsaya a ofishin ɗaukar ɗalibai saboda kwasa-kwasan da za a ƙirga masa. Ƙarshenta Arizona ya tafi.

Dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ce ke sa abin ya yi zafi. Kafin ɗan wasa ya shiga shekara ta uku, sai ya gama kashi 40 cikin 100 na digirinsa, ta huɗu kashi 60, ta biyar kashi 80. Digiri yawanci "credit" 120 ne, ke nan mai shiga shekara ta huɗu yana bukatar 72. Idan sabuwar makaranta ta ce "credit" 60 kawai ta yarda da su, yaron nan sai zaman benci, komai iyawarsa. 

Wani ya ce mu kira "credit" ɗin maki. Ban yarda ba. Maki shi ne abin da ka ci a jarrabawa, wannan kuwa nauyin kwas ɗin ne. Bashi kuma, wanda shi ma "credit" ake ce masa, na banki ne. Ɗalibanmu suna cewa yunit, amma wanda bai shiga jami'a ba ba zai gane ba, kuma shi nake rubuta wa.

Ni dai "awon karatu" ya kwanta min. Ka auno hatsi da tiyar garinku, ka isa wata kasuwa a sake aunawa da tasu, sai ka ga ya ragu. Abin da ke samun yaran nan ke nan, kuma yana min ciwo, don karatun sun yi shi. Wanda ka taho da shi sai mu ce "guzurin karatu".

Ku ji a jumla: "Michigan ba ta karɓi guzurin karatunsa duka ba." Ya zauna a kunne? 'Yan'uwa na Nijar, ku da kuke tara "credit" 180 kafin lisans, wato digirin farko, me kuke kiransa idan kuna hira da Hausa?