Tambayoyin "me za ki fara yi" sun hana ni barci

'Yar Agege:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Ina shirin jarrabawar Kansil, wato hukumar da ke ba nas lasisin aikin jinya, karatu kam ina yi, ko a cikin danfo littafi na hannuna, amma da na zo kan tambayar da aka ce me nas za ta FARA yi sai kaina ya kulle don duka amsoshin huɗu sai in ga daidai ne. Jiya na ci karo da wannan: ana ƙara wa mutum jini, minti 10 da farawa ya kama rawar ɗari, bayansa na ciwo, jiki ya yi zafi. A kira likita, a auna BP, a tsayar da jinin ko a ba shi paracetamol. Na zaɓi kiran likita, wai na faɗi. To ba likita ne ya rubuta jinin ba?

Sista Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Tsayar da jinin za ki yi nan take, ba sai kin nemi izinin kowa ba. In jinin bai dace da nasa ba jikinsa farfasa shi yake yi, kuma ƙoda ce ke shan wahalar, duk ɗigon da ya ƙaru kafin ki samo likita cutarwa ce. Ki rufe, ki sa sabuwar robar ƙarin ruwa da normal saline (ruwan gishiri na asibiti), kar ki tura ruwan ta tsohuwar don akwai ragowar jini a ciki, sannan awon BP da zafin jiki, sannan likita, ledar jinin kuma a mayar lab kar a jefar. Ni na gani da idona ina ɗaliba a aikin dare, wata baiwar Allah ta riƙe min hannu tana cewa bayanta zai tsage, ni kuma ƙafata har ta nufi ƙofa zan kira likita, sistar da ke kanmu ta miƙa hannu ta murɗe robar tukun. Fitsarin matar da ya taru a leda kamar ruwan shayi, har yau ina ganinsa. Shi ya sa ake cewa minti 15 na farko kar ki bar bakin gadon.

Abu Hanifa Mile 12:
Gaskiya ne Anti. Ni abin da ya taimake ni ABC ne, hanyar iska, numfashi, sai zagayawar jini, in an jero miki marasa lafiya huɗu ki nemi wanda numfashinsa ke cikin hatsari ko wanda yanzu yanzu yanayinsa ya canza, ba wanda ya fi ihu ba. Ki haddace lambobi ma: potassium (wani sinadari a cikin jini) daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0, maganin zuciya digoxin kuma sai kin ƙirga bugun zuciya minti guda cur, in ya gaza 60 a babba kar ki bayar.

Maman Ilham:
Amma malam ABC ba ko'ina take fitar da mutum ba fa. Mai jego na zubar da jini, mahaifa ta saki tuɓus, murza mahaifar ta saman ciki za ki fara yi kina ƙwala kiran taimako. Ki tambayi kanki me hannuna zai iya yi yanzu da zai tsayar da ɓarnar.

'Yar Agege:
Allah ya saka da alheri, Anti Sista na gane kuskurena. To mai ciwon suga da aka yi wa insulin ya fara gumi da karkarwa amma yana magana, awon suga zan fara ko in miƙa masa abin zaƙi?