Neman kalma: me za mu kira "fishin" a ƙwallon tebur?

1/ Salamu alaikum, 'yan ƙwallon tebur na Sakkwato da kewaye. Makon jiya na roƙi a taya ni neman sunan Hausa ga bugun nan da muke kira "fishin" da Turanci, wanda mutum ke yi idan ƙwallo ta riga shi kuma yana can nesa da tebur. An kawo shawarwari da dama, wasu a nan, wasu a bakin teburinmu na Mabera. Yau zan faɗi wadda na tsaya a kanta, da dalilina.

2/ Ɗan yayata ne ya tayar da maganar. Shekararsa 12, hannunsa da kyau, idonsa da kaifi. Wata yamma cikin hunturu wani babban yaro ya kora shi baya da duka, ni kuma ina gefe ina ta kiran "fishin, fishin!" Sai ya cilla ƙwallon sama kamar mai jifar mangwaro, iska ta kwashe ta sai bayan katanga. Da aka tashi ya ce mini, "Kawu, ni fa duk sanda ka ce fishin, ɗauka nake sama kake so in tura ta." Abin ya tsaya mini a rai. Wata da watanni ina faɗa masa kalmar da ba ta nuna masa komai a ido, ya cike gurbin da abin da ya zata. Kalmar da ake kira a bakin tebur umarni ce ga hannu. In yaro bai ga siffar motsin a cikinta ba, amo ne kawai ya ji.

3/ Kafin kalmar, mu fahimci makarar kanta. Tsawon tebur mita 2.74 ne kacal, tsayinsa daga ƙasa santimita 76, raga kuma santimita 15.25. Ƙwallon giram 2.7 ce. A wannan ɗan fili, in abokin wasa ya yi maka duka mai ƙarfi, kafin ka gama ganinta ta iso. Bayan ta taɓa tebur tana da hali uku: tana tasowa, ta kai ƙololuwa, sannan ta fara faɗuwa. Wanda ya zo kan lokaci yana bugunta tana tasowa ko a ƙololuwa. Wanda ya makara yana samunta tana faɗuwa, wani lokaci har ta yi ƙasa da bakin tebur, ko ta kusa wuce kafaɗarsa. A nan yawancin yaranmu ke rasa maki, don suna nacewa sai sun yi babban bugun da suka yi niyya tun farko, alhali lokacinsa ya wuce.

4/ Wanda ya makara yana da mafita fiye da ɗaya, kuma nisansa da tebur ne ke zaɓa masa. In yana kusa, sai ya kafa bat ɗinsa, wato abin bugun, a hanyar ƙwallon, ya ɗan kifa fuskarsa, ba ja da baya, ƙarfin dukan abokin wasa ne zai mayar da ita. Wannan ba mu sha wahala ba, "tare" ne, kowa ya yarda. In ya sauko da bat daga sama zuwa ƙasa ya shafi gindinta ta koma tana juyin baya, "yanka" muke cewa tun muna yara. In kuwa ya ɗaga ta can sama, mita uku ko fiye, ta faɗo kamar daga rufin ɗaki, abin da Bature ke kira "lob", to "cilli" ya wadatar.

5/ Na huɗun, wato "fishin", shi ne ba shi da sunan Hausa, kuma shi ya fi amfani ga irin teburanmu. Kana kamar taku uku ko huɗu daga tebur. Ƙwallo ta sauko ƙasa da bakin tebur. Sai ka durƙusar da gwiwa, ka kai bat ƙasa da ita, ka goge bayanta daga ƙasa zuwa sama da ɗan turi gaba, ba da hanzari ba. Ta tashi ta haye raga da tazara mai kyau amma ba ta kai sama irin ta cilli ba, kusan tsayin kan mutum, tana juyin gaba, ta sauka can ƙarshen teburin abokin wasa kusa da farin layi. Juyin gaban nan shi ke lanƙwaso ta ta faɗa kan tebur maimakon ta wuce, shi kuma ke sa ta zabura gaba in ta taɓa katako, ta takura mai duka. Tafiyarta a iska tana ba ka lokacin komawa tsayuwarka. Saukarta can ƙarshe tana hana shi buɗe maka kusurwa, tana kuma wahalar masa da ajiye ta gajeriya a bakin raga. In ta sauka gajeriya a tsakiyar tebur kuwa, ka miƙa masa wuya da kanka.

6/ Ga dalilin da ya sa raba ta da cilli ya zama dole a nan garin. Ƙwararru suna wasa a ɗaki rufaffe mai dogon rufi, inda ba iskar da ke motsi. A gasar duniya ta 2005 a Shanghai, Michael Maze ɗan ƙasar Denmak yana baya da wasa uku da babu a hannun Hao Shuai na ƙasar Sin, ya ja baya yana ta ɗaga ƙwallo har ya juya wasan ya ci huɗu da uku. Wanda ya kalli wannan zai so ya kwaikwaya. To amma mu teburinmu a gindin dogon yaro yake. Ƙwallo mai giram 2.7 in ta haura mita uku cikin iskar Janairu, ba kai ke da ita ba kuma. Ko a cikin shago ne, fankar sama da silin suna jiranta. Bugun da ke tafiya ƙasa-ƙasa da juyi shi ne ke jure wa iskarmu. Saboda haka kalma ɗaya ba za ta ɗauki bugu biyun ba.

7/ Shawara ta farko da aka kawo ita ce a fassara kai tsaye: "kamun kifi". Ban karɓa ba. Bature yana hango mai ƙugiya a bakin ruwa, ya jefa ya zauna yana jiran kifi ya yi kuskure. Yaron Sakkwato in ya ji kamun kifi, Argungu zai gani, mutane sun afka ruwa a guje da homa da gora. Wannan kishiyar abin da muke so ne, don bugun na natsuwa ne. Wani ya ce to a ce "su". A baki daidai ne, amma a rubuce ba a raba shi da "su" na mutane, kuma in ka kira "su!" a bakin tebur sai yaro ya waiga ya ga su wa. "Fatsa" ta fi su kusa da hoton Baturen, sai dai ba ta gaya wa hannu komai.

8/ "Ceto" ta samu magoya baya da yawa, kuma na fahimci dalili, kalma ce mai daɗi. Matsalarta, manufa take faɗa, ba ta faɗi yadda ake yi ba. Tare ma ceto ne, yanka ceto ne, cilli ceto ne. Mu ajiye ta a matsayin sunan gidan gaba ɗaya: bugun ceto, wato duk abin da mai makara ke yi don kada maki ya tafi.

9/ Wadda na fi jin tsoro ita ce "kwasa", don ta fi saurin kama baki, har wasu sun fara amfani da ita. Ku dubi mai kwasar tuwo da mara, ko mai kwasar yashi da shebur: fuskar abin tana kallon sama, ya shiga ƙarƙashi ya ɗago. In yaro ya yi wa ƙwallo haka, bat a buɗe, za ta tashi ba juyi ko kaɗan, ta sauka laƙwas tana jiran duka. Wannan shi ne ainihin kuskuren da muke fama da shi. Ba zan ba bugu sunan da ke koyar da kuskurensa ba.

10/ Kalmar da na tsaya a kanta daga bakin wani dattijo ta fito, tsohon malamin firamare da ke zama a benci kusa da teburin bayan la'asar. Ya buga wasan a zamanin da ake ƙirga 21 da ƙaramar ƙwallo mai milimita 38, kafin a mayar da ita 40 a shekarar 2000, a kuma rage maki zuwa 11 a 2001. Ina nuna wa yaran motsin ba ƙwallo, sai ya ce, "Ɗana, sake in gani." Na sake. Ya ce, "Mi kaka nema wuri mai nisa? Wagga ƙwallo rijiya ta hwaɗa, kai ko guga kaka ja." Na ce, "Malam, maimaita mini." Ya ce, "Jan guga. Mai jan guga ba ya fizga, in ya fizga ruwa ya zube, in ya yi sanyi igiya ta kuɓuce."

11/ Jan guga. Na kwana ina juya ta, kuma duk inda na taɓa sai in ga ta zauna. Tana nuna cewa abin yana ƙasa, ƙasa da bakin tebur kamar ruwa ƙasa da bakin rijiya. Tana nuna hanyar hannu, daga ƙasa zuwa sama. Tana nuna jiki, don ba mai jan guga a miƙe ƙyam, sai ya buɗe ƙafa ya saki gwiwa, ƙarfin daga cinya da kugu yake tasowa, ba daga tsintsiyar hannu ba. Tana nuna saurin da ya dace, ja mai ɗorewa ba fizga ba. Kuma guga iyakarsa bakin rijiya da ɗan ɗoriya, ba wanda ke jefa shi sama, to ga bambancinsa da cilli ya fito da kansa.

12/ Akwai ƙarin da Malam bai ambata ba, ni na lura da shi daga baya. Muna da wani "guga", na goge abu, irin na gugar tufafi. Sauti ne ke raba su a baki, a rubuce ɗaya suke. Kuma abin da ya raba wannan bugu da kwasa shi ne a gogi ƙwallon, kada a tokare ta. Duk ma'anar da yaro ya ɗauka cikin biyun, hannunsa zai yi daidai. Ban san wata kalma cikin waɗanda aka kawo da ta yi wannan aiki biyu ba.

13/ An yi ƙorafi biyu. Wani ɗan'uwa ya ce mu Sakkwatawa wasaki muka gada, me ya kai mu guga? Gaskiyarsa, kuma wanda ya ce "jan wasaki" a teburinsa bai yi laifi ba. Amma ina son kalmar da za ta je Kano da Zariya da Maraɗi a gane ta ba sai an yi bayani ba, sannan wasaki ba ya ɗauke da ma'anar gogewar. Na biyu ya ce yaran birni na yanzu famfo da burtsatse suka sani. Na gwada da yara bakwai da ke zuwa teburinmu, na ce kowa ya nuna mini jan guga ba tare da bat ba. Dukansu sun durƙusa sun jawo daga ƙasa.

14/ Yadda take shiga magana: "ja guga" in kana umarni, ko "jawo ta" a taƙaice in wasa ya yi zafi. "Ya ja guga sau biyar kafin ya samu ta duka." "Gugansa gajere ne," wato tana sauka tsakiyar tebur. "Gugansa ba ruwa," wato ba juyi a cikinta. Wannan ta ƙarshen yaran ne suka ƙirƙiro da kansu, kwana uku bayan sun ji kalmar.

15/ Abu ɗaya nake roƙon masu koyarwa su haɗa da sunan. Jan guga ba mazauni ba ne. Aruna Quadri, ɗan wasan Najeriya, bai kai zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Rio a 2016 ba, ɗan Afirka na farko da ya yi hakan, sai da dukan hannun damansa. Ana jan guga ne don a sayi lokaci, a aika ta can ƙarshe wajen bayan hannun abokin wasa, a dawo tsayuwa, da zarar dukansa ya yi rauni a matso a rama. Yaron da kullum yake jan guga kuma, a duba ƙafarsa da tsawon bugunsa: galibi bai dawo da bat gabansa ba bayan bugun farko, ko ƙwallo yake bi da ido har ya manta da kallon bat ɗin abokin wasa, shi ya sa yake makara tun asali.

16/ Na rubuta su da alli a jikin katangar da ke bayan teburin: tare, yanka, cilli, jan guga, a ƙarƙashin bugun ceto. Saura sunan ƙwallon nan da mai duka ke ajiyewa a hankali a bakin raga in ya ga ka yi nisa, wadda ita ce maganin mai jan guga. Malam ya ce "ajiya", wani yaro ya ce "ɗigo". Ranar Asabar bayan la'asar za mu gwada su a tebur, mai wata shawara ya kawo kafin nan.