Abin da aka tattauna kan kewar Fijo 504 da ta daɗe a gareji

Assalamu alaikum 'yan uwa, ga abin da na tsinto daga maganganunku game da ɗan uwanmu da 504 ɗinsa ta kwana biyu wajen gyara har abin ya fara damunsa.

1. Kusan kowa ya ce kewar ba abin kunya ba ce, musamman motar da mutum ya gada wajen mahaifinsa, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975.

2. A riƙa leƙa garejin ana ɗaukar hoton inda aiki ya kai, ganin an kankare tsatsa an yi walda kaɗai yana sanyaya rai.

3. Da yawa sun ce ka shiga neman kayan gyara da kanka, Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, don wani lokacin kafireta ɗaya ko fitilar baya ce ke riƙe aikin wata da watanni, ga shi an daina ƙera motar, kai kuma in kana yawon nema ba ka zaman tunani.

4. Inda aka rabu shi ne matsa wa makanike. Wasu sun ce a kira shi kullum, wasu suka ce gaggawa ke ɓata fenti, a bari ya bushe sosai. Ni na fi karkata ga na biyun gaskiya.

5. Kuɗi kuma kar a biya duka tun farko, kashi kashi.

6. Kan aron mota ma an saɓa, wasu sun ce tana rage zafi, wasu sun ce ƙara tuna musu tasu take yi.