Wane suna za mu ba "grille" na gaban mota da Hausa?

Assalamu alaikum malamai da masu sana'ar mota. Ina shirya bayani kan yadda mutum zai sauya wa gaban motarsa kama da hannunsa, ba tare da aljihu ya girgiza ba, sai sunan abin da ake yi wa aikin ya tsayar da ni. Da Ingilishi grille ake ce masa, da Faransanci calandre. Shi ne abin nan mai ramuka ko sanduna da ke tsakanin fitilun gaba, ƙarƙashin bakin bonet, inda tambarin kamfani yakan zauna. Wasu daga cikinku sun riga sun kawo shawarwarin suna, wani makanike kuma ya yi gargaɗi, zan amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a raɗa masa suna, a san aikinsa. Ta cikinsa iska ke shiga ta isa lagireto ta huce ruwan injin, shi ne kuma ke tare tsakuwa da leda kada su lanƙwasa siraran fikafikan lagireton. Ado ya biyo baya ne, ko da yake kamfanoni sun mai da shi shaidarsu. BMW na riƙe da siffar ƙoda biyu tun 1933, Jeep kuma da dogayen ramukanta 7.

Na san masu gareji za su ce ai "giril" ya wadatar. Ba na ƙin aro. Lagireto da bamba da kafireto duk aro ne, kuma sun zauna daram a bakinmu. Damuwata ita ce wanda bai taɓa zama a gareji ba, in ya karanta "giril" ba hoton da zai zo masa, wanda ya ɗan ji Turanci kuwa sai hankalinsa ya tafi wajen abin gasa nama.

Malam, da ka kawo "hancin mota", na ga hikimar, tunda ta nan take shaƙar iska. Sai dai an riga an ba kalmar wani aiki. In direba ya ce ya sa hancin motarsa cikin layi, gaban gaba ɗaya yake nufi, har da bamba da fitilu. Haka "fuskar mota". Mai sayar da kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba zai san me zai ɗauko maka ba.

Hajiya, "haƙoran mota" ya dace da masu sanduna a tsaye, amma ya bar masu saƙar zuma a waje. "Rariya" kuwa tacewa take kawo wa zuciya, za a ɗauka filtar iska ake nufi.

Ni dai na tsaya a kan "ragar gaba". Raga abu ce da iska ke ratsawa amma tana tare tarkace, kuma Bahaushe ya saba da ita a taga da kejin kaji. Ga yadda kalmar ke tafiya in an sa ta a aiki:

Ka buɗe bonet, ka cire sukurori da 'yan maƙalan roba da ke riƙe da ragar gaba. Ka bi su a hankali da bakin sukundireba, don robar da ta sha rana saurin karyewa take yi. In fenti kawai kake so, ka wanke ta da sabulu, ka goge da sanfefa mai laushi har sheƙin ya dushe. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, shi ya sa kake ganin baƙin fenti yana ɓarewa a kan kurom, wato shafin nan mai ƙyalli kamar azurfa, bayan 'yan makonni. Ka fara fesa firaima ta roba, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, sannan fentin gwangwani, shafi siriri-siriri, kana barin kowane ya sha iska kafin na gaba. In kuma saƙa kake so, ka yanke sandunan tsakiya da ƙaramin zarto, ka bar firam ɗin, ka daidaita bakin yankan, ka auna wayar raga ta alminiyam ta ɗan fi ramin faɗi, ka lanƙwasa gefenta ta baya, ka ɗaure da igiyoyin roba masu zugewa ko ka kama da gam mai haɗi biyu.

Kun ga ba inda jimla ta yi tuntuɓe. Ana iya cewa ragar gaba ta fashe, an yi mata fenti, an sa ta kamfani.

Yallaɓai makanike, gargaɗinka na kada a tare wa lagireto iska ya zama dole a shigar da shi, kuma sunan da kansa yana taimaka masa. Wanda ya san raga ce ba zai toshe ta da faranti ko ya sa mai ƙananan idanu don kyau ba. A zafin Afrilu, cikin cunkoso, ga na'urar sanyaya cikin mota a kunne, kwandensarta na gaban lagireto tana fitar da nata zafin, iskar da aka rage ita ce za ta ɗaga allurar zafi. Sannan sababbin motoci da yawa suna da na'urar rada a bayan tambarin gaba, wadda ke auna tazarar motar da ke gabanka. A irin waɗannan kada a sa wayar ƙarfe ko fenti mai kauri a wurin.

Saura wadda ke ƙasa, a cikin bamba. Ita sai mu ce "ragar bamba", wayar da ake sayowa a liƙa kuma "wayar raga", don kada sunaye su haɗe a wajen ciniki. Da waɗannan uku zan rubuta bayanin, in sa "giril" sau ɗaya a farko saboda 'yan gareji. Mutanen Maraɗi da Damagaram, ku gwada su a bakin makanikanku ku faɗa mana yadda suka karɓe su.