Tambaya: gasar harbin fistol da ake yi da agogo, ta ina mutum zai kama?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga manyanmu na wannan zaure a kan gasar harbi da ƙaramar bindiga irin ta IPSC, wadda mutum ke gudu daga kusurwa zuwa kusurwa yana harbi, alƙali na biye da shi da agogo a hannu. A wurin aikinmu nan Sakkwato ana shirin gwada irinta a filin atisaye, da bindigogin da hukuma ke bayarwa. Abu uku suka ɗaure mini kai. Yaya ake lissafin maki, don na ga ba wanda ya fi sauri ke ci ba? Waɗanne kaya ne tilas? Sannan da dama nake harbi, amma da na ƙara sauri sai harsashina ya riƙa sauka ƙasa ta hagu. Mi ke kawo haka?

Tsohon Kofur, Arkilla:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Bari in ɗauki ta farko, don duk wanda bai gane lissafin ba zai ɓata harsashi yana gyara abin da bai lalace ba.

An kafa IPSC, ƙungiyar duniya mai kula da wannan gasa, a 1976 a garin Columbia na jihar Missouri ta Amurka, Jeff Cooper ne shugabanta na farko, kuma takenta kalmomi uku ne na Latin da ke nufin daidaito, ƙarfi da sauri. Lissafin ya haɗa ukun. Allon kwali ne mai yanki uku: A a tsakiya, C kewaye da shi, D a gefe. Da 9mm da kuke riƙewa, A maki 5 ne, C 3, D 1. Yawanci harbi biyu mafi kyau ake ƙirgawa a kowane allo. Kuskure ɗaya, a cire maka 10. Ka taɓa allon da aka hana harbi, a cire 10. Ka ƙetare layin iyaka kana harbi, nan ma 10. Sai a raba makin da ya rage da sakan ɗin da ka ɗauka, daga ƙarar agogo zuwa harsashinka na ƙarshe.

Ɗauki zango, wato sashe ɗaya na gasar, mai harsashi 12, maki 60 ke nan. Na farko ya sa duka a A cikin sakan 12, ya sami 5.0. Na biyu ya sami A takwas da C huɗu, maki 52 cikin sakan 9, ya tashi da 5.78. Na uku ya gama a sakan 8, A tara, C biyu, ɗaya ya tafi daji: 51 a cire 10, saura 41, ya tashi da 5.13. Na biyu ya ci, alhali bai fi kowa saiti ba, bai kuma fi kowa gudu ba. Abin lura: in kana wajen 5, kowane maki ɗaya daidai yake da kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Kuskure kuwa asarar maki 15 ne, biyar da ka rasa da goma na tara, wato sakan uku cur. In ka san ka kuskure, ƙara harbi ɗaya ya fi maka arha nesa ba kusa ba.

Amma duk wannan lissafi yana zuwa ne bayan ƙa'idar tsaro, kuma nan babu roƙo babu alfarma. Bakin bindiga ya wuce digiri 90 daga tudun da ke tare harsashi, an kore ka daga gasar gaba ɗaya, ba zangon kaɗai ba. Yatsa a kan kunama kana canja magazin, ko kana tafiya ba allo kake saitawa ba, kora. Bindiga ta faɗi ƙasa, ko bakinta ya ratsa hannunka a cikin zango, kora. Ba a ɗura harsashi sai alƙali ya ba da umarni, kuma kai ba ka bar wurin ba sai ya ga ɗakin harsashi fayau da idonsa. Inda sababbi suka fi faɗawa shi ne gudu zuwa hagu ga mai dama: jiki ya juya, bindiga ta bi shi. Ka bar hannun bindiga yana nuna tudu, ƙafa ta yi tafiyarta.

Na Runjin Sambo:
Kofur ya gama da lissafi. Ɗan'uwa, batun kaya kada bidiyo ya ruɗe ka. Waɗancan masu jan ɗigo a sama da ramuka a baki ajin Open ne. Naku ya fi kusa da ajin Production, wato bindiga kamar yadda ta fito daga masana'anta, irin su Glock 17 ko CZ Shadow 2, harsashi 15 a magazin ba ƙari. Shadow 2 ƙarfe ce zalla, ta haura kilo ɗaya, nauyin ne ke shanye shurinta. Amma wadda aka ba ka ta ishe ka shekara guda kafin ta zama ita ce ke riƙe ka.

Abin da ya fi bindiga muhimmanci ɗamara ce. Bel mai hawa biyu ake so: na ciki ya bi ta maɗaukan wando, na waje mai tauri ya manne a kansa. Bel na fata mai laushi yana bin bindiga sama in ka ja, sai zarewa ta zama kokawa. Kube kuma ya rufe kunama ruf, ya zama mai tauri wanda bakinsa ba ya rufewa in bindiga ta fita, don mayar da ita da hannu ɗaya ake yi. Na yadi ka bar shi. Ka gwada da bindiga marar harsashi: yi tsalle, durƙusa, yi gudu taku biyar. In ta motsa, ƙara ɗaure dunƙulen kuben.

Dogon zango harsashi 32 ne, matsakaici 24, gajere 12. Magazin huɗu a ƙugu da ɗaya a aljihu na ɗurin farko ba su yi yawa ba. Duka su fuskanci gefe ɗaya, kan harsashi yana kallon gaba, don manuniyarka ta kwanta a kansa ta shiryar da shi ramin. Ka rubuta lamba a gindin kowane, saboda ranar da bindiga ta fara sarƙewa ka san wane ne mai laifi.

Yanzu abin da ya shafe mu nan. Magazin da ka yar a filinmu cikin rairayi yake faɗawa, kuma rairayi kaɗan ya isa ya hana harsashi hawowa. Bayan kowane zango cire gindin, fitar da sifirin, bi ciki da buroshi busasshe. Kada mai ya shiga magazin ko kaɗan. Ita kanta bindigar, lokacin hunturu ɗigo ɗaya a kowane layin da silaid, wato saman bindigar mai kai da komo, ke gudu a kai, ɗaya a bayan bututu, ka goge sauran. Mai da yawa in ya haɗu da ƙurar hazo kwaɓi yake zama, silaid ya daina komawa har ƙarshe. Lokacin bazara kuma gumi ne abokin gaba: tawul a aljihu, da garin alli irin na masu ɗaga ƙarfe.

Tabarau mai jure duka da abin toshe kunne, har ga 'yan kallo. Allon ƙarfe kada ya gaza mita 7, tarwatsin dalma na dawowa. Kuma a wanke hannu da sabulu kafin a kai goro baki, dalma ba ta da ɗanɗano balle ta yi maka gargaɗi.

Ɗan Mabera:
Na gode, Allah ya ƙara girma. To ita "ƙarfi" da Baba Kofur ya ambata, ta ina take shiga lissafi?

Tsohon Kofur, Arkilla:
Nauyin kan harsashi a ma'aunin giren, a ninka da gudunsa a ƙafa cikin sakan, a raba da 1000. Mafi ƙaranci 125. Kai mai giren 124 da ke gudun ƙafa 1050 ya ba ka 130, ka tsira da ɗan rata. A manyan gasa ana karɓar harsashinka a auna, in ka gaza 125 makinka ba ya shiga. Masu harsashi mai ƙarfi, 160 a Open da 170 a wani ajin da ake kira Standard, C ɗinsu 4 ne, D 2, amma a Production ba a ba da wannan. Ku da ke da harsashin hukuma iri ɗaya, ku manta da ita.

Malam na Gawon Nama:
Ɗan Mabera, tambayarka ta uku ita ce zuciyar maganar. Saitin bindigarka lafiya lau yake, kada ka bari kowa ya taɓa shi. Hannunka ne. Abu biyu ke faruwa tare: in manuniya ta ja kunama da gaggawa, sauran yatsun ukun na damƙa tare da ita, sai baki ya karkata hagu. Sannan jiki ya san shuri na zuwa, sai ya danna ƙasa kafin harsashi ya fita. Ƙasa da hagu ke nan.

Gyaran daga riƙo yake farawa. Hannun dama ya hau sama har ya tokare da wutsiyar bindiga, babu gurbi. Na hagu ya cike filin da ya rage a jikin mariƙi, wuyan hannu ya karyo gaba, babban yatsa na nuna allo. Matsar ta fi yawa a hagu. Dama ta riƙe da ƙarfin da manuniya za ta iya motsi ita kaɗai. Wuyan hannu biyu a ƙage, gwiwar hannu da ɗan lanƙwasa, nauyin jiki ya rinjaya gaba. Wuyan hannu mai laushi ne ma ke sa kwanko ya maƙale a bakin fita, don silaid bai sami abin tokara ba.

Ga gwajin da ba ya ƙarya. A fili, ba wani magazin ɗinka ya cusa harsashin roba marar albarushi biyu ko uku a tsakani ba ka gani ba. Lokacin da kunama ta faɗa kan na roba, za ka ga bakin bindiga ya yi sujada da idonka. Da ka gani, rabin magani ya samu. Sauran rabin atisaye ne babu harsashi, a inda hukuma ta yarda, an duba ɗakin harsashi sau biyu, harsashi na wani wuri daban: minti goma, kana jan kunama da sauri ba tare da tsinin saiti ya girgiza ba. Jan a hankali ba zai koya maka komai ba, tunda a hankali ai ba ka kuskure.

Ina ɗan saɓa wa masu cewa a ƙara saurin yatsa. Tsakanin harbi biyu a allo ɗaya abin da za ka rage ƙanƙane ne. Lokaci yana zubewa wajen zarewa, wajen tashi daga allo zuwa allo, da wajen shiga sabon wuri. Ido ya riga bindiga: da harbi na biyu ya tashi, ido ya tsallaka tsakiyar allo na gaba, bindiga ta same shi can. In suka tafi tare za ka zarce allon ka dawo. Ka iso kusurwa bindiga na sama a hannu biyu, ba sai ka tsaya sannan ka ɗaga ba. Canjin magazin a cikin tafiya, taku na farko, kafin harsashi ya ƙare. Kafin a fara ana ba da 'yan mintuna na zagaya zango: ƙirga harsashi, zaɓi inda za ka canja, rufe ido ka bi shi a zuci har sai ya zauna.

In harbi ya yi ƙara mai rauni, ko ba ka ji shuri ba, tsaya nan take. Mai yiwuwa kan harsashi ya maƙale a bututu, na biyu a bayansa fasa bindiga yake yi a hannunka.

Lauyan Minannata:
Yallaɓai, ku yi mini afuwa in sa baki saboda masu karatu da ba ma'aikata ba. A dokar makamai ta Nijeriya ta 1959, fistol da libarba suna jerin haramtattun makamai, lasisinsu a hannun Shugaban Ƙasa yake. Ko bindigar iska tana buƙatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. IPSC tana da reshen bindigar roba mai ƙwallo milimita 6, Action Air, an yi gasarsa ta duniya ta farko a Hong Kong a 2018, amma kamarta ɗaya da ta gaske. Da halin tsaron da muke ciki a jihar nan, kada kowa ya sayo ko ya saka a mota ba da izinin 'yan sanda a rubuce ba.

Malam na Gawon Nama:
Gaskiya ne, Barista. Ɗan Mabera, in kun tashi gwaji ku fara da atisayen El Presidente: allo uku a mita 10, mita ɗaya tsakani, ka ba su baya. Agogo ya yi ƙara, ka juya tukuna sannan ka zare, biyu-biyu, canja magazin, biyu-biyu. Sababbi su fara suna fuskantar allo har alƙali ya gamsu da hannunsu. Sakan 10 da duka a A shi ne tsohon ma'auni. Ka rubuta lokacin harbin farko da na canji daban, ka kawo mana mu duba.