Tsundere da Hausa, dan Allah a taya ni nema

Assalamu alaikum jama'a. Masu Hausa a baki ku matso kusa, kalma ɗaya ce ta hana ni sakat yau kusan sati biyu kenan, na juya ta na sake juyawa har na gaji, shi ne na ce bari in kawo ta nan a taru a kanta.

Abin da ya faru shi ne ina ba ƙannena da 'yan guruf ɗinmu labarin Zero no Tsukaima da Hausa, kaɗan kaɗan duk dare, saboda yawancinsu katun ɗin kawai suka gani a waya, ni kuma na bi fassarar littafin da masoyansa suka yi suka zuba a intanet. Irin ƙananan littattafan nan ne na Japan masu zane jefi jefi a ciki waɗanda ake rubuta wa matasa. Noboru Yamaguchi ne ya rubuta shi, na farko ya fito a 2004, ciwon daji ya yi ajalinsa a 2013 yana da shekara 41 bai kai ga ƙarshe ba, sai daga baya aka ƙarasa na 21 da na 22 a 2016 da 2017 da tsarin da ya bari. Sunan littafin bai ba ni wahala ba, na ce musu Hadimin Sifili kuma kowa ya gane. Inda na cije shi ne halin yarinyar, duk wanda ya san labarin zai ce maka ita tsundere ce, to mene ne tsundere da Hausa?

Ga wanda bai san labarin ba. Luwiz, wadda ake rubutawa Louise, 'yar auta ce a wani babban gidan sarauta a ƙasar Tristain, tana makarantar koyon sihiri, kuma duk sihirin da ta gwada sai ya fashe kamar nakiya, shi ya sa 'yan ajinsu suka laƙaba mata Sifili. Ranar da kowane ɗalibi zai kira hadiminsa da sihiri, wato halittar da za ta riƙa yi masa hidima, wata ta kira ƙadangaren wuta, wata ta kira dodo mai fiffike, ita sai ga ɗan makaranta daga Tokyo ya faɗo, sunansa Saito. A idon duniyarsu talaka ne tilis tunda ba ya sihiri. Ta sa shi wanki, ta kwantar da shi a ƙasa, kare take kiransa, amma ranar da ya ji ciwo a faɗansa da wani ɗan masu sarauta ita ce ta zauna a kansa tana jinya ba barci, da ya farfaɗo kuma ta murtuke fuska ta koma faɗa kamar ba ita ba. To wannan halin nake nema wa suna.

Kalmar a Japananci biyu aka haɗa. Tsun tsun shi ne mutum ya kau da kai yana hura hanci yana yanka maka magana, dere dere kuma shi ne mutum ya narke don so. Da farko masu amfani da ita suna nufin wadda ta fara da zafi sannan a hankali ta sauko, daga baya ma'anar ta faɗaɗa ta koma duk wanda bakinsa ke faɗin wani abu zuciyarsa na faɗin wani. Luwiz ta haɗa duka biyun.

Na farkon da ya zo min shi ne jan aji, kuma na san da yawa shi za ku fara kawowa. Ban yarda da shi ba wallahi. Mai jan aji ta san abin da take yi, lissafi ne, ta ga kira ta ƙi ɗauka sai na uku don kar a raina ta, zuciyarta a kwance take. Luwiz ba ta da wannan dabarar ko kaɗan, ita kanta ba ta yarda tana son shi ba, in ta ga ya tsaya da Siyesta, 'yar aikin makarantar, sai ranta ya ɓaci ta rasa dalili sai ta ce ai don hadiminta ne yake zubar mata da mutunci. Kanta ta fara yi wa ƙarya kafin ta yi wa kowa.

Bari in dakata nan in ga abin da za ku ce.

To Alhamdulillah, na dawo na tarar an cika min waje, na gode ƙwarai, bari in bi waɗanda suka fi tsaya min a rai.

Wata 'yar'uwa ta ce Yaya ai ba sai an wahala ba, ana so ana kaiwa kasuwa kenan. Gaskiya ƙanwata kin matso kusa sosai, na ma yi amfani da ita sau biyu a cikin labarin kuma ta zauna daram. Matsalar ita ce jimla ce guda, ba za ki ce wance ana-so-ana-kaiwa-kasuwa ce ba kullum kullum, baki zai gaji. Kuma ita ma in kin lura akwai ɗan ƙamshin yanga a cikinta, babu zafin nan da hargowa.

Mutum huɗu ko biyar sun ce miskila. Na gane daga inda kuka taho, duk mai karanta littattafan soyayyarmu na waya ya san miskili, shi ne wanda ba ya magana, ba ya dariya, a gaishe shi ya ɗaga hannu kawai, ashe so na cinsa a ciki. Amma ku duba, miskili shiru ne makaminsa. A cikin wannan littafin ma akwai miskila ta gaske, Tabita, kullum kanta a cikin littafi, kalma biyu ta ishe ta yini guda, kuma su Japanawan suna da sunan irinta daban, kudere suke cewa. Don haka miskila na ajiye wa Tabita, ba zan ba Luwiz ba, yarinyar da in ta fara faɗa har ƙasan bene ana jin ta.

Wani Malam da na ga alamar dattijo ne ya kawo fulako, ya ce 'yata ki tuna yadda uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, alhali ta fi kowa son shi. Malam Allah Ya ƙara girma, wannan maganar ta sa na ajiye waya na yi shiru na ɗan lokaci, don ni kaina 'yar fari ce kuma har yau mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, amma ranar da na kwanta asibiti ita ce ba ta runtsa ba. Na yarda tushen ɗaya ne, so ne da ba a barin shi ya fito fili. Inda suka rabu shi ne fulako tarbiyya ce, kunya ce da al'ada ta ɗora kuma ana yaba wa mai ita, cikin natsuwa ake yin ta. Abin da ke damun Luwiz kuwa rauni ne. Yarinya ce da ta tashi a gidan da kowa gwani ne, babbar yayarta mai zafi ce ba ta raga mata, a makaranta ana yi mata dariya kullum, ba abin da ya rage mata sai sunan gidansu, to ta yaya za ta buɗe baki ta ce tana son talakan da ta kira bisa kuskure? In ta faɗa ta zama Sifili sau biyu. Ba zan so in ɗauki kalma mai daraja irin fulako in ɗora wa wannan ba.

Akwai wanda ya ce a bar ta yadda take kawai, tsundare, tunda da ts ta fara kamar tsuntsu da tsintsiya kuma ba wanda zai ce ba Hausa ba ce. Na ji daɗin wannan, kuma ba na ƙin aro, mota da tebur duk aro ne. Sai dai na gwada a guruf, na rubuta ita tsundare ce, mutum uku suka tambaye ni me kenan. In sai na yi bayani duk lokacin da na faɗe ta to ba ta yi min aikin da nake so ba.

Sai wata baiwar Allah daga Damagaram ta rubuto gajeriyar magana, ta ce Anti wannan ai zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Kai! Na daɗe ina kallon wannan saƙon. Harbi shi ne tsun, zaƙi shi ne dere, kamar don ita aka yi karin maganar. Na riga na yanke cewa shi ne kirarin Luwiz a labarina, ba mai canza min. Amma kirari daban suna daban, kuma mu kan faɗi ga zaƙi ga harbi a kan komai da ke da daɗi da wahala, har mulki da kuɗi, ba a kan halin so kaɗai ba.

Ga abin da ni nake ganin ya fi, ku auna min shi: tsiwar so. Mai halin kuma a ce mai tsiwar so.

Dalilina shi ne tsiwa ita ce ainihin abin da kunne ke ji daga bakin Luwiz, murguɗa baki, harara, mayar da magana tun kafin a rufe baki, tsayawa a gaban wanda ya fi ka ƙarfi kana ɗaga murya. Kuma tsiwa a wajenmu ba mugunta ba ce, mun san yarinya mai tsiwa sau da yawa ita ce mai saurin kuka. Da ka ƙara so a bayanta ka faɗi daga inda tsiwar take fitowa. Jeren ma ya bi na Japanancin, zafin a gaba, son a baya. Na gwada ta a jimla: rabu da ita tsiwar so ce, ko kuma tun babi na uku na gane mai tsiwar so ce. Ba wanda ya tambaye ni ma'ana a guruf, har wata ta ce ai ta san mai irin halin a gidansu.

Akwai wuri biyu a labarin da nake auna kowace kalma da su. Na farko inda Luwiz ta sha maganin mallaka bisa kuskure, wanda wata 'yar ajinsu ta haɗa don saurayinta, nan take ta koma shagwaɓa zalla, tana bin Saito tana kuka in ya matsa. Abin da ya burge ni shi ne shi Saito bai ji daɗin haka ba, ya tashi ya sha wahalar neman makari don ta dawo yadda take, saboda ya san wannan ba ita ba ce. Kenan in ka cire tsiwar ka cire yarinyar, dole sunan ya riƙe duka biyun. Na biyu shi ne yaƙin da ƙasarsu ta yi da ƙasar Albiyon, inda aka umarce ta ta tsaya ita kaɗai ta tare rundunar mutum 70,000 don sauran su samu su tsere, ta karɓa saboda sunan gida da biyayya ga sarauniya duk da ta san mutuwa ce. Sai a wannan daren bakinta ya ɗan saki har ta nemi a ɗaura musu aure, shi kuma ya zuba mata maganin barci a abin sha ya sa aka tafi da ita ya je ya tsaya a madadinta da takobinsa. Mai jan aji ba ta kaiwa nan. Wadda ta kai nan ita ce wadda son ya daɗe yana cin ta tana danne shi da faɗa.

Yanzu ga inda kalmar tawa take da rauni, ba zan ɓoye ba. Wani ɗan'uwa ya ce Hajiya tsiwa ai ta mata ce da yara, in namiji ne fa? Gaskiyarka, ba a cika cewa ƙato mai gemu yana tsiwa ba, kuma a littattafan Japan akwai maza masu wannan halin da yawa. Na yi tunanin faɗan so ga namiji, amma faɗan so kamar na mutum biyu ne, irin na masoya ko na taubasai. Wata ta ce ƙi-da-baki, a kan tsarin ƙi-faɗi, wannan ta yi min kuma tana hawa kan mace da namiji, mai ƙi-da-baki. Ina ganin za a iya riƙe ta ga maza in ba a samu wadda ta fi ta ba.

Abu ɗaya kuma da ba zan bari ya shige ƙarƙashin wannan suna ba shi ne bulala. Luwiz tana dukan Saito da bulalar doki, tana hana shi abinci, littafin kuma yana kawo abin a matsayin ban dariya. Ni ban taɓa yin dariya a wajen ba, kuma da na zo ba ƙannena labarin na kira shi da sunansa, cin zali, 'yar masu sarauta tana dukan wanda ba shi da kowa a duniyar sai ita. Tsiwa a baki take tsayawa, da harara da kau da kai. Wannan ma yana cikin abin da ya sa na fi son kalmar, don iyakarta a bayyane take, ba na so wata yarinya a guruf ta karanta ta ɗauka mari ko duka alamar so ne, ko daga mace ko daga namiji.

Don haka a babin daren yau zan rubuta mai tsiwar so, kirarinta zuma ga zaƙi ga harbi, Tabita kuma miskila. Malam da ya kawo fulako, in akwai wata tsohuwar kalma da kuka ji a bakin iyaye wadda ake faɗa wa namiji mai wannan halin dan Allah a taimaka min da ita, 'yan Sakkwato da Katsina da Maraɗi ku ma ina jiran naku, don na san akwai kalmomin da ku ke da su da mu nan Kano ba ma ji.